Ummi, Kafin Ki Tafi Bandung

Sparkhill, Birmingham
Satumba, 2009

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummina, ina gaishe ki da kyau, ina gaida ƙawarki Ratih da sauran 'yan flat ɗinku na Ardwick. Da fatan kuna lafiya, kuma haɗa kaya bai wahalar da ku ba. Mu nan lafiya lau muke, Alhamdu lillahi. Allah Ya tsare min ke a inda kike, Ya tsare ki a inda za ki.

Na san za ki yi dariya in kin ga takardar nan. Ga waya, ga email, Manchester da Birmingham ba su fi awa ɗaya da rabi a train ba, amma Mama ta zauna da biro. To kin san halina. In na kira ki sai in ɓige da tambayar ko kin ci abinci, ko kin ga likitanki GP an yi miki allurar tafiya, har mu rabu ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Ga shi saura kwana goma ki tashi zuwa Bandung ta Indonesiya, ƙasar su Ratih, ku buɗe ofishinku na bidiyon intanet ke da ita da yayanta. Na amince da tafiyar nan, kuma da zuciya ɗaya na amince, kada ki yi shakka. Abin da nake so ki tafi da shi shi ne kurakuraina. Na yi su, na sha wuyarsu, babu dalilin da za ki sake yin irinsu.

Bari in fara da wanda na yi miki ke kanki.

Kin tuna hutun Easter na shekararki ta biyu a uni? Kin zo gida da laptop, kika ajiye shi a kan teburin kitchen ina yanka alayyahu. Kika ce, "Mama, come and see, minti uku ne kawai. Ni da Ratih muka yi." Ko ɗaga kai ban yi ba. Na ce, "Chemistry muka tura ki yi a Manchester ko wasan kwaikwayo? Ɗauke min wannan shirmen." Kika rufe laptop ɗin a hankali kika hau sama. Daga ranar ba ki ƙara nuna min ba, ni kuma ban tambaya ba. Kusan shekara biyu ke nan ina faɗa a kan abin da ban taɓa gani da idona ba. In an ce bidiyo a intanet, abin da ke zuwa raina tsiraici ne da rashin kunya, shi ke nan na yanke hukunci.

Sai farkon shekarar nan, ina aiki a pharmacy a asibitinmu na Edgbaston, saura minti biyar in tashi daga shift aka turo min takardun magani cike da tire. Na ture tabarau zuwa goshi na ce, "To, madalla!" Wata ɗaliba mai ƙaramin hijabi da ke tsaye a layi ta kwashe da dariya har ta toshe baki. Ta dubi sunan da ke ƙirjina, ta dube ni, ta ce, "Sorry, are you Ummi's mother?" Na ce ƙwarai, ina kika san ta? Ta ce ita 'yar Indonesiya ce, kuma ƙannenta a Surabaya suna zuwa shagon intanet bayan makaranta musamman don su kalli ku. Ta ce yanzu a gidansu in uwarsu ta sa su aiki sai su ce, "To madala!" Ashe mayafina ruwan ƙasa da na yi ta nema yana wurinki, da tsohon tabarauna, kina sawa kina kwaikwayona duniya tana kallo.

Kin san abin da ya biyo baya. Ko gida ban bari na kai ba, a tashar train na kira ki. Na ce kin mayar da uwarki abin dariya, na ce Allah Ya ba ki 'yar da za ta yi miki haka. Mako uku ban ɗauki wayarki ba. Wannan maganar ta ƙarshe na janye ta, Ummi, na kuma nemi gafarar Allah a kanta. Allah Ya ba ki 'ya'ya masu albarka.

Wata Lahadi bayan azahar na zauna gaban kwamfutar falo na ce bari in ga iyakar cin mutuncin. Na buɗe na farko. Ga ki nan da mayafina kina ta faɗa: jaket ɗin nan ba ta da kauri, wa ya ce a fita da jiƙaƙƙen kai, Manchester ba garin kirki ba ne. 'Yar tana juya baya sai uwar ta yi wuf ta cusa ƙullin yaji da kilishi a jakarta. Sai ga Ratih ita ma da ɗankwalin uwarta, tana faɗa da yarensu, tana ɓoye kwalbar sambal ɗinsu mai yaji a cikin takalmin 'yarta. Na yi dariya har na sarƙe, daga nan kuma sai hawaye. Ashe duk kina ganin abin da nake yi, ni ce nake zaton ba ki lura.

Don haka kada ki yanke wa abu hukunci ba ki gan shi ba. A can za ki ga Musulmi 'yan'uwanki suna abubuwa ba yadda muka saba ba, a sallarsu, a bikinsu, a zaman makokinsu. Ki kalla tukuna, ki tambaya, ki yi shiru na ɗan lokaci. Amma ke ma akwai naki rabon a wannan rigimar, kuma kin sani. Da kin gaya min tun farko, da zan ƙi, amma da ban ji a bakin baƙuwa a gaban layi ba. Duk wanda za ki ɗauka a kyamara ko ki kwaikwaya, ko mai tallan abinci ne a bakin titi, ki nemi izininsa, ki nuna masa kafin duniya ta gani.

Na biyun kin san shi, har yanzu Abbanku yana tsokanata da shi. Da na fara kallonku sai na zarce, har rubuce-rubucen da masu kallo ke yi a ƙasan bidiyon nake bi. Ba na jin yaren, don haka na shiga gari na sayo ƙamus. Kalma ɗaya na ga tana ta maimaituwa: gila. "Ummi gila!" Na buɗe ƙamus, ya ce mahaukaci. Raina ya ɓaci. Na yi rajista da sunan Maman Ummi, na rubuta da manyan baƙaƙe: "MY DAUGHTER IS NOT MAD. SHE HAS A DEGREE."

Washegari Ratih ta kira ni, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Aunty, yabo ne! It's like, yarinyar nan ba ta da dama." Na koma na duba. Yara rututu sun amsa min, kowa "Sorry Tante, sorry Tante," wato gwaggo da yarensu. Wani ya rubuta da gurgun Turancinsa cewa uwarsa ma da haka za ta yi, in gaishe ki, shi ma in yi masa addu'a yana da jarrabawa. Na yi masa.

Abin da na koya shi ne, in kana cikin yaren da ba naka ba, ka tambaya kafin ka yi fushi. Ƙamus yana ba da ma'anar kalma, ba ya faɗin da wace fuska aka faɗe ta. Sai dai kada ki ɗauka ban san akwai na gaske ba. Ranar da Ratih ta zo nan tana fassara min, akwai layuka biyu da ta tsallake da sauri, na kuma ga yadda fuskarta ta canza. Na san a kan launin fatarki ne. Za ki zauna a garin da masu kama da ke ba su da yawa. Za a kalle ki, za a ce ku yi hoto, wata tsohuwa ma ta taɓa hannunki. Yawancinsu mamaki ne kawai da son sani, ki yi musu murmushi. 'Yan kaɗan mugunta ce. Su ɗin kada ki amsa musu a rubuce a ranar da kika karanta. Ki rufe kwamfutar, ki yi alwala, ki ci abinci. In gobe har yanzu yana miki zafi, ki kira ni, ni na iya manyan baƙaƙe.

Na ukun ban taɓa gaya miki ba, kuma shi ne ainihin abin da ya zaunar da ni rubutun nan.

Lokacin da na biyo Abbanku ƙasar nan, yana ƙaramin likita yana neman ƙwarewa, ba a wannan gidan muke ba. Wani flat ne a saman shagon kayan miya a Stratford Road, ɗaki ɗaya da falo. Bangon kullum a jiƙe, rufin yana yoyo, muna ajiye bokiti kusa da gado. Ba mu rasa ci ba, amma ba abin da na zata ba ne, kuma ina jin kunyar a sani a gida. A Kano kowa ya san Rabi ta auri likita ta tafi Ingila.

Akwai wani babban likita mutumin Zariya da ke Edgbaston, gida mai hawa biyu da lambu a baya. Da za su tafi hutu da iyalinsa sai ya bar mana mukulli mu riƙa ba shukokinsu ruwa, ya ce ga kyamarar bidiyonsa nan in muna so mu ɗauki saƙo mu aika gida. Wata Asabar na ci ado da leshin lefena, na sa Abbanku ya riƙe kyamarar. Ya ce, "Rabi, anya kuwa?" Na ce ai ba zan ce namu ne ba. Kuma ban ce ba. Na dai zauna a kujerunsu ina gaida Inna, na buɗe firijinsu na zuba lemo, na zagaya lambu ina nuna furanni, na jingina da motarsu. Ko kalma ɗaya ta ƙarya ban furta ba, kuma kaset ɗin gaba ɗayansa ƙarya ne.

Inna, kakarki mai sunanki, ta tara maƙwabta aka kalla. An ce sau uku aka maimaita a ranar. Cikin masu kallon akwai ƙanena, kawunki Sani. A lokacin yana shekara ta biyu a jami'a yana karatun injiniya, kuma duk gidanmu babu mai ƙwaƙwalwarsa. Ya kalli kaset ɗin nan ya ce me yake yi a ɗakin mutum shida ana yajin aiki, alhali yayarsa tana da ɗakuna babu kowa? Bai gaya min ba sai da ya sami bizar ziyara. Ya ajiye karatun ya taho, a tunaninsa zai zauna wurina ya nemi makaranta a nan.

Ba zan manta hawowarsa matattakalar nan mai warin albasa ba. Ya shigo da akwatinsa, ya dubi falon, ya leƙa ɗakin, ya ga bokitin. Can ya ce, "Yaya, ina lambun?"

Wata shida ya yi yana kwana a kujera, ya bi makarantu babu wadda ta yiwu, bizar ta ƙare ya koma. Da ya je jami'ar an riga an cire sunansa. Bai ƙara komawa aji ba. Kin san shi yanzu, da shagonsa na kayan gyaran mota da 'ya'yansa bakwai, Allah Ya rufa masa asiri, kuma ya fi ni fara'a. Na roƙe shi gafara shekaru da yawa da suka wuce, ya ce shi ya manta, haka Allah Ya rubuta. Na yarda da ƙaddara. Amma duk ranar da na ga ya kwance inji ya mayar cikin rabin awa, sai in tuna leshin nan da lambun mutane.

Ummi, ni kaset ɗaya na yi, mutum ashirin suka kalla, ga abin da ya jawo. Ke kuma yaran da ba ki san adadinsu ba ne ke kallonki, a shagunan intanet da wayoyinsu, kuma Ratih ta ce kullum ƙaruwa suke. Cikinsu akwai irin Sani, mai kaifin kai da gajeren haƙuri, da zai kalle ki ya ga rayuwarsa ba ta da daɗi. Ku yi wasanku, ku sa mayafi da tabarau, wannan kowa ya san wasa ne. Amma in kin fito a matsayin Ummi, kada ki tsaya gaban abin da ba naki ba. In ɗakinki yana yoyo, ki bar bokitin a inda yake. Ai abin da ya sa suke son ku ke nan tun farko, ƙaramin kitchen ɗinku na Ardwick da tukunyar da hannunta ya karye. Haka ni ma, kada ki aiko min da hoto mai kyau alhali kina cikin damuwa. In aikin ya ƙi, ki ce ya ƙi. Ɗakinki yana nan, degree ɗinki yana nan, babu wanda zai ce miki ai mun faɗa.

A wannan flat ɗin dai na yi wani kuskuren. Kewar gida ta kama ni sosai. 'Yan'uwa suna naɗo min wasannin kwaikwayo na talabijin ɗin Kano a kaset, duk mai zuwa ya taho min da su. Abbanku yana fita aiki sai in ja labule in kunna. Na haddace su kaf, ina faɗin magana kafin ɗan wasan ya faɗa. Fiye da shekara ina Birmingham ban san bas ɗin da ke zuwa cikin gari ba. Akwai wata dattijuwa 'yar Ireland a flat ɗin da ke kallon namu, Mrs Doyle. Sau biyu tana ƙwanƙwasa min da burodin da ta gasa, ina leƙe ta ramin ƙofa ina rage sautin talabijin har ta gaji ta tafi. Tsoro nake kada Turancina ya ba ni kunya, kuma me zan ce wa Baturiya?

Ranar da naƙudarki ta tashi, da rana tsaka, saura mako uku a lissafi, Abbanku yana theatre ana tiyata, ba a iya samunsa. Da rarrafe na kai ƙofar matar nan. Ita ta kira ambulance, ita ta riƙe hannuna a hanya tana cewa, "Breathe, love, breathe," tana addu'arta ina tawa. Ita ta fara ɗaukarki bayan nurse. Daga baya ita ta koya min bas, ta raka ni ofishin council na ƙaramar hukuma muka yi ta fama har aka gyara rufin, ita ce kuma ta ce in koma karatu za ta riƙe ki. Ba don ita ba da ban zama pharmacist ba. Wata rana na ba ta haƙuri a kan burodin, ta ce, "Ai ina jin talabijin ɗinki, na san kina ciki. Na ce za ki fito in kin shirya."

Ke naki ya fi nawa sauƙin faɗawa, don ni sai na jira matafiyi, ke kuwa duk Manchester tana cikin laptop ɗinki. Za ki iya shekara a Bandung kina hira da 'yan uni kina kallon abin da kika baro. Kada ki yi. Ki koyi yaren da gaske, ba na ban dariya a bidiyo kaɗai ba. Ki san sunan mai shagon layinku. In maman Ratih ta ce ki zo kitchen, ki ajiye kyamara ki je da hannu biyu. Ki ci abin da aka ba ki. Ki samu ƙawa ko ɗaya wadda ba ta taɓa kallon bidiyonki ba, wadda za ta so ki ko da gobe an daina kallo. Lahadi ɗaya a mako ta ishe mu gaisawa, ba na son ki zauna gaban allo saboda ni.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su. Sallarki a kan lokaci, ko ana tsakiyar ɗauka. In za ki hau babur ki sa hular kwano, na ga yadda suke tuƙi a bidiyon yayan Ratih, ban ji daɗi ba. Ke da Ratih za ku saɓa, don aiki tare ba kamar zama tare ba ne. In ya faru ku gama shi ku biyu a ɗaki, kada masu kallo su ji.

Saura ɗaya, ƙarami ne amma ya daɗe a raina. Ranar da zan bar Kano, Inna ta rako ni filin jirgi. Na sa a raina ba zan yi kuka ba, kada in karya mata zuciya. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa min albarka, na miƙe na nufi jirgi kaina a sama. A lokacin da ƙafa ake takawa har gindin jirgin, masu rakiya suna tsaye a sama suna hange. Ban juya ba ko sau ɗaya, ina ganin na yi jarunta. Sai bayan shekara biyar da na je gida, muna zaune tana tsefe min kai, ta ce, "Ke dai Rabi, ranar nan na yi ta ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. Ƙeyarki kawai na gani." Da dariya ta faɗa, amma shekara biyar tana riƙe da maganar.

To ranar Asabar ta sama za mu taho Manchester ni da Abbanku mu kai ki filin jirgi. Zan yi kuka, ki bar ni in yi, ba na baƙin ciki ba ne. Na gode wa Allah da Ya nuna min kin girma kin sami abin da kika iya, kuma mutane a wata uwa duniya suna farin ciki da shi. In kin miƙa passport kin wuce, kafin ki sha kwana, ki waiwayo. Zan kasance a tsaye a wurin.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya saukar da ke lafiya. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da mugu daga hanyarki. Ya tsare miki imaninki da lafiyarki da harshenki. Ya sa albarka a aikinku ke da Ratih, Ya sa abin da za ku nuna wa 'ya'yan mutane ya zama alheri gare su da ku. Na yafe miki duniya da lahira, ni ma ki yafe min. Na ba Allah amanarki, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mamanki,
Rabi